Tsakanin Wuƙar Tiyata da Ƙahon Wanzami

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu, ka kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar, don tsohon malamin makaranta in ya kama alli ba ya jin ƙararrawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata mota ce da ta tsaya a bakin kasuwar Tudun Wada ranar Juma'ar da ta wuce, an ɗora mata lasifika, mai ita yana rantsuwa da Allah cewa kwalba guda ta maganinsa tana narkar da maƙoƙo cikin kwana bakwai, tana kwantar da jijiyar ƙafa, ga basir da sanyin mara a matsayin gyara. Na tsaya a inuwar wani shago na ƙirga mata huɗu da suka saya, ɗayarsu tana ta jan hijabi tana rufe wuya. Ban ga laifinsu ba. Irin wannan kwalba ta shigo gidana fiye da sau goma, kuma da kuɗina aka sayo ta. Abin da ke kai mutum gaban motar nan tsoron wuƙa ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa da Hausa cewa a yau akwai wata hanya tsakanin tiyata da zaman haƙuri.

Bari in fara da ƙafata. Na yi shekara 35 ina koyarwa, daga 1982 zuwa 2017, kusan duk a tsaye gaban allo. Ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai jijiyoyin ƙafata ta hagu suka fara tasowa, daga gefen gwiwa har sha-raɓa, suka murɗe kamar tana a damina. Da safe lafiya lau. La'asar na yi sai ƙafar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, idon sawu ya kumbura, takalmi ya ƙi shiga, da dare kuma ƙaiƙayi ya hana ni barci. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce mataccen jini ne. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, ta tsaya kai da fata cewa wani abu na taka a ƙofar ofis lokacin da ake ja-in-ja kan wanda zai zama mataimakin hedimasta.

Na bi masu cewa mataccen jini, na kira wanzami. Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya nuna mini jini baƙi ƙirin a cikin ƙoƙo ya ce, "Ka gani ko, Malam?" Na gani, na kuma gamsu, na ƙara masa tukuici. Sai daga baya na san cewa jinin da ke komawa zuciya dama haka launinsa yake a jikin kowa, har da na wanzamin. Fatar wurin ta riga ta yi baƙi ta yi tauri, don haka ɗaya daga cikin tsagar ta ƙi warkewa, ta zama gyambo a saman idon sawu ta ciki. Shekara biyu ina fama da shi. An yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma ni na kai kaina.

Wata asuba ina alwala, na zo wanke ƙafa, sai ɗan ɓawon da ke kan wata jijiya ya ɓare. Jini ya yi tsartuwa siriri kamar zare har ya taɓa bangon banɗaki. Na miƙe tsaye a ruɗe ina neman tsumma, jinin sai ƙaruwa yake. 'Yata ta biyu, wadda ke karatun aikin jinya a lokacin, ta fito da gudu tana cewa, "Baba, kwanta! Kwanta a ƙasa!" Ta ɗaga ƙafar ta jingina da bango, ta cire ɗankwalinta ta ninke, ta danne wurin da tafin hannu, ba ta ɗaga ta leƙa ba sai bayan minti goma. Jinin ya tsaya. Duk mai irin wannan ƙafa ya riƙe wannan: a kwanta, a ɗaga ƙafa ta fi ƙirji tudu, a danne bakin wurin, sannan a tafi asibiti. Kada a ɗaure saman ƙafar da igiya ko kyauron taya, ƙara zubar jinin yake yi.

Wannan asubar ce ta kai ni gaban likita, kuma Allah ya haɗa ni da wani da na koyar a aji uku. Ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce in hau wani ɗan benci in tsaya, don wannan sikanin a tsaye ake yin sa. Ya shafa mini wani abu mai sanyi kamar kamu, ya ɗora kan na'urar a cinyata, ya juyo da allon ta wajena. Ya matse sha-raɓata, sai na ga shuɗi ya wuce sama. Ya saki, sai ja ya biyo baya yana gangarowa, yana ta gangarowa. Ya ce, "Malam, wannan jan da kake gani jinin da ya kamata ya tafi zuciya ne yake dawowa. In dawowar ta wuce rabin daƙiƙa mun san bawul ya lalace. Naka ya kusa daƙiƙa huɗu."

Ga bayanin yadda na fahimce shi. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini sama akwai 'yan ƙofofi masu aiki kamar bawul ɗin tayar keke, suna barin jini ya wuce sama, ba sa barin ya dawo. In suka saki, jini ya riƙa taruwa a ƙasa, jijiya ta buɗe ta murɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama, fata ta lalace, gyambo ya biyo baya. Gado na kawo shi, yawan tsayuwa da ƙiba da yawan haihuwa suna ƙara shi. Shi ya sa za ka gan shi wajen masu aski, da mahauta, da masu tuyar ƙosai, da mu malamai. Babbar mai laifin yawanci wata doguwar jijiya ce da ta taso daga idon sawu ta bi ta cikin cinya har matsematsi. Tsohuwar hanyar gyara ita ce a yanka a matsematsi, a sake yankawa a ƙasan gwiwa, a zura waya a zaro jijiyar gaba ɗaya. Da ya kai nan na ce masa na gode, zan yi shawara. Na karɓi safa mai matsi na koma gida. Wanda ya san zafin Zariya a watan Afrilu ya san kwana nawa safar nan ta yi a ƙafata.

Yanzu ga maiɗakina, wadda saboda ita ne ma na samu tawa lafiyar. Malama ce a Islamiyyar matan aure, tana koyar da tajwidi. Kimanin shekara tara tana ɗauke da ƙullutu a gefen dama na maƙogwaro, ya fara kamar gurjiya har ya kai ƙwan zabo. Hijabi ya rufa mata asiri a waje, amma a gida ni nake ganin yadda take ƙoƙarin haɗiye tuwo, da yadda ta daina kwanciya rigingine. An yi mata gwajin jini aka ce halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne ake kira maƙoƙo, tana aikinta daidai. An yi sikanin, an tsira siririyar allura an ɗebo ɗan abin da ke ciki aka duba, aka ce ba daji ba ne. Likitoci suka ba da shawarar a cire ɓangaren da ƙullutun yake. Ta ce sam. Dalilinta kuwa mahaifiyarta ce, wadda aka yi wa aikin maƙoƙo shekaru da yawa da suka wuce, ta fito da dasasshiyar murya har ta koma ga Allah. "Malam," ta ce mini, "in muryar ta tafi, da me zan ja musu baƙi?"

Tsoronta yana da tushe. A bayan wannan halitta ta wuya akwai wata siririyar jijiya da ke motsa murya, in ta taɓu murya ta dashe. Kuma wanda aka cire wa halittar gaba ɗaya zai sha ƙwayar magani kullum da safe har ƙarshen rayuwarsa, ga tabo a wuya. Ban faɗi haka don in ɓata tiyata ba, zan dawo kanta.

Babban ɗanmu ne ya binciko cewa akwai wata hanya, ya aika da hotunan sikanin zuwa wani asibiti a Alƙahira, suka ce ta dace. Na sayar da filina na Ɗanmagaji, wanda na ajiye don gina wa yara, muka tafi a 2023.

Abin da na gani da idona ya tuna mini da sakiya da lalas na kakanninmu, wato magani da zafin ƙarfe, sai dai wannan daga ciki ake yi, kuma mai yi yana kallon inda bakin allurarsa yake a allo. Ba a sa ta barci ba. Aka kwantar da ita aka sa matashi ƙarƙashin kafaɗa, aka manna mata wasu faifai a cinyoyi, aka yi allurar kashe zafi a wuya. Likitan ya zura wata doguwar allura ta tsakiyar wuya zuwa cikin ƙullutun. Na'urar tana aika wutar lantarki mai kaɗawa irin ta zangon rediyo, bakin allurar ya dafa ɗan wurin da ya taɓa, sai ya ja ta baya kaɗan ya dafa na gaba, sannu a hankali kamar mai ɗinkin hula yana cike gida-gida. Ta ce tana jin ƙara ƙas-ƙas a wuyanta kamar ana gugguru. Jefi-jefi sai ya dakata ya ce ta yi magana, don ya ji ko muryar na nan. Da farko tana cewa "na'am", daga baya ta ga ai Balarabe ne, sai ta riƙa karanta masa Ƙulhuwallahu. A karo na uku ya yi dariya ya ce da tafinta ya gaya mata ƙalƙalarta ta fi tasa. Minti arba'in aka gama. Aka manna filasta, aka ɗora ƙanƙara, da yamma muna masauki tana shan shayi.

Kada wani ya ɗauka an tashi ne aka ga wuya sumul. Makon farko ma sai da ya ɗan ƙara kumbura, har ta fara hararata saboda filin. Jiki ne ke kwashe abin da aka dafa a hankali. Wata uku ta fara haɗiya ba wahala, da shekara ta zagayo aka sake sikanin a nan gida aka ce kusan kashi uku cikin huɗu ya tafi. Saura yana nan, in ka taɓa za ka ji shi kamar ɗan aya, kuma an gaya mana yana iya sake girma har a maimaita aikin. Likitocin Koriya ta Kudu da na Italiya ne suka fi kowa bunƙasa wannan hanya tun farkon shekarun 2000, ba jiya aka fara ta ba.

Ni kuwa rakiya na je. Wata nas ta ga bandejin ƙafata ta tambaya, magana ta kai ga likitan jijiyoyi, ɗana ya ce ta waya, "Baba, tunda an zo an zo." Nawa aikin ma ido biyu aka yi shi. An huda ɗan rami a ƙasan gwiwa, aka zura siririyar waya cikin jijiyar har kusa da matsematsi, aka yi ta ɗura ruwan kashe zafi a kewayenta tun daga sama har ƙasa. Wannan ɗurin shi ne abin da ya fi damuna, allura wajen takwas. Amfaninsa biyu, yana kashe zafi, yana kuma kare fata da nama daga ƙuna. Sannan aka kunna. Bakin wayar yana kai zafin digiri 120, ya fi tafasasshen ruwa, yana yin daƙiƙa 20 a kowane gaɓa mai tsawon santimita 7, jijiyar ta tsuke ta manne, a ja baya a kama na gaba. Ban ji komai ba sai ƙarar na'ura. Aka naɗe ƙafar aka ce in tashi in yi tafiyar rabin awa a baranda, kuma aka hana ni hawa jirgi sai da muka ƙara kwanaki, saboda gudun daskarewar jini a jijiyoyin ciki. Gyambon shekara biyu ya rufe a mako na bakwai.

Duk wanda na ba labarin nan tambayarsa ɗaya ce, kuma ni ma ita na yi: in an toshe jijiya, ina jinin zai bi? Amsar ita ce mafi yawan jinin ƙafa dama ta manyan jijiyoyin da ke can cikin nama yake komawa. Wadda aka toshe ta riga ta zama kamar kwatar da ke dawo da ruwa cikin gida, rufe ta sauƙi ne ga sauran. Amma fa sai an tabbatar da sikanin cewa na cikin a buɗe suke. In su ne suka toshe, to wannan ta wajen ita ce hanyar da ta rage, wanda ya ƙone ta ya cuci mai ƙafa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. An amince da na'urar farko ta irin wannan aiki a Amurka a 1999, ta leza ta biyo baya ba da jimawa ba. A Ingila, tun 2013 hukumar da ke tsara wa likitocinsu ƙa'idar magani ta ce wannan hanya za a fara dubawa, in ba ta yiwu ba a yi allurar kumfa mai manne jijiya, tiyata ta zo ta uku. A 2018 kuma aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a can kan mutum 450 masu gyambo irin nawa. Waɗanda aka toshe wa jijiyar da wuri, rabinsu sun warke cikin kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuwa sai kwana 82. Na tuna shekaru biyun da na yi ina canza bandeji ina zuba garin kafso a kan ciwo, na yi shiru.

To, Edita, ga inda nake so ka ja layi da jan biro, don na san halinmu. Ranar da wannan magana ta bazu, wani zai kafa allo a bakin titi ya rubuta "ana cire maƙoƙo da leza ba tiyata". Ba kowane maƙoƙo ake ƙonawa ba. Mafi yawan ƙullutun wuya ba daji ba ne, amma kaɗan daga ciki daji ne, kuma ido ba ya rarrabewa, hannu ma haka. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a ɗebo a gwada, yawanci har sau biyu. Maiɗakina ta kai takardar gwajinta daga gida, duk da haka sai da suka sake nasu kafin su taɓa ta. Wanda ya ƙona ƙullutu bai gwada ba, yana iya rufe wuta da toka. Haka kuma maƙoƙon da ya cika wuya ya gangara bayan ƙashin ƙirji yana danne numfashi, wannan na tiyata ne. Wanda kuma ya zo da bugun zuciya da rama da rawar hannu da fitowar idanu, hanyar maganinsa daban ce. Shi kansa ƙonawar yana iya taɓa murya ko ya ƙona fata, sai dai ba kasafai ba a hannun wanda ya ƙware. Likitocinmu na tiyata sun daɗe suna aikin maƙoƙo, mutane da yawa sun rayu ta dalilinsu, kuma wanda aka ce masa tiyata ce maganinsa bayan an duba komai, ya yi bismillah ya kwanta. Mace mai ciki da jijiyoyi suka taso mata ita ma ta dakata, sau da yawa suna lafawa bayan haihuwa.

Wani abin da na lura da shi a can shi ne kayan aikin ba wani dodo ba ne. Ginshiƙin duka na'urar sikanin ce, wadda yanzu har ƙananan asibitocin haihuwa suna da ita. Sai akwatin da ke ba da zafin, wanda bai fi girman ƙaramin janareto ba, sai waya ko allurar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, ita ce mai tsadar. Akwai ma masu araha a cikin dangin wannan aiki. Ƙullutun da ruwa ne a cikinsa, zuƙe ruwan ake yi a ɗura sinadarin itanol ya manne. Jijiyoyi kuma akwai allurar kumfar da na ambata. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne hannun da ya saba da ido mai karanta allo, kuma wannan horo ne.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwa a Shika da ake kawo marasa lafiya daga Katsina da Neja da ƙauyukan da ke tsakani, ya cancanci a ce talaka yana samun irin wannan aiki a cikinsa da kuɗin da bai kai na fili ba. Ina kira ga gwamnati da masu hannu da shuni na Zazzau, waɗanda ba sa ƙyashin gina masallaci da rijiya, su tuna cewa tura matasan likitoci biyu ko uku su koyo aikin nan, a saya musu kayan, shi ma sadaka ce mai gudana. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, to masu tsara abin da inshorar za ta biya su dubi wannan. Mai ƙosan da ta kwana ɗaya a gida ta koma bakin kaskonta ta fi wa kowa sauƙi a kan wadda za ta yi shekara tana zaryar wankin gyambo. Likitocin da ke yin aikin a kusa da mu kuma su fito su yi bayani a shafin lafiya na wannan jarida da gidajen rediyo, da Hausar da gwaggona za ta gane. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bai kamata a ce mai lasifika ya fi likita iya magana da mutane ba.

Sai kuma gishiri, a taƙaice. Tun 1993 doka ta ce a sa sinadarin ayodin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, don rashinsa na cikin manyan abubuwan da ke kawo maƙoƙo. Amma sinadarin yana gudu in an bar gishiri a buɗe cikin rana da laima, kamar yadda ake tula shi a faranti a kasuwa. A sayi na leda, a zuba a mazubi mai murfi.

Maiɗakina ta koma ajinta, yanzu suna Suratu Maryam. Ni ina sa safata in zan yi doguwar tsayuwa, don an gargaɗe ni cewa wasu jijiyoyin na iya tasowa, kuma ta dama ma ta fara nuna alama. Matar da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu ta ɗaga mini zaninta kaɗan shekaranjiya ta nuna mini ƙwaurinta, fatar ta fara baƙi daidai inda tawa ta fara. Ta ce wanzami zai zo ranar Asabar. Na roƙe ta ta ɗaga masa zuwa wani makon, na kuma yi magana da tsohon ɗalibina, ya ce in kawo ta ranar Alhamis da ƙarfe tara ya ɗora ta a kan bencin nan.

Wassalam.

Daga wani tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.